Fiksi ko keke mai giya: wanne ya dace da zirga-zirgar cikin gari?

Wani ɗan'uwa mazaunin Kano ne ya yi tambayar. Ya ce tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kuɗin adaidaita sahu ya fi ƙarfin aljihunsa, shi ya sa ya yanke shawarar sayen keke don zuwa wurin aiki, kusan kilomita takwas zuwa, takwas dawowa. Ya ga bidiyon samarin birnin Niyok suna ratsa motoci a kan keken nan mai kafaffiyar giya da ake kira fiksi, abin ya burge shi. Abokinsa kuma ya ce masa kada ya kuskura ya sayi keken da ba shi da giya. Yana son a gaya masa gaskiyar wanda ya fi.

Malam, Allah ya sa albarka a wannan shawara da ka yanke. Na haura shekara ashirin ina gyaran keke, kuma duk nau'in biyu da kake magana ina hawansu, don haka abin da hannuna ya taɓa zan gaya maka.

Da farko, kekunan da ke gabanka iri uku ne, ba biyu ba. Mutane da yawa suna ɗauka fiksi shi ne keken iyayenmu, irin su Raleigh da Phoenix da Hero, tunda su ma ba a canza musu giya. Ba ɗaya ba ne. Keken iyayenmu yana da firiwil a tayar baya. Kana tsayar da ƙafa ka ji yana ƙir-ƙir-ƙir, taya na ci gaba da juyawa, kai kuma kana hutawa. Fiksi ba shi da wannan. Ƙaramin farantin baya, wato mai haƙoran nan da kaca ke hawa, a ɗaure yake da tayar tamau, muddin taya na juyawa feda ma na juyawa, ko ka so ko ka ƙi. Ka tura shi baya, feda ta juya baya. Duk alherin wannan keke da duk haɗarinsa daga nan suka fito.

Ba sabon abu ba ne. Keken Rover da John Kemp Starley ya fito da shi a Coventry ta Ingila a 1885, wanda shi ne kakan kekunan da muke hawa yau, kafaffe ne. Sai ƙarshen shekarun 1890 firiwil ya yaɗu. Gasar tseren keke ta Faransa, Tour de France, an fara ta a 1903, amma ba a bar 'yan tsere sun yi amfani da na'urar sauya giya ba sai 1937. Kafin nan in sun iso gindin dutse sauka suke yi, su kwance tayar baya su juya ta zuwa gefen da ke da faranti mai haƙora da yawa, su sake ɗaurewa. Inda fiksi ya zauna da gindinsa shi ne filin tseren keke mai zagaye da gangaren bango, irin wanda ke cikin filin wasa na ƙasa a Abuja, da kuma tseren keirin da Japan ta fara a 1948. A can ba a sa birki ma, saboda kowa hanya ɗaya ya nufa, babu mota, babu akuya, babu yaron da zai tsallaka, kuma in na gaba ya taka birki kwatsam na baya duk kansa za su zube. Daga baya masu kai saƙonni a Niyok da San Francisco da Landan suka fito da shi titi, don ba ya lalacewa da wuri kuma ɓarawo ba ya samun abin kwancewa a jikinsa. Bidiyon da ka gani jikokin waɗannan ne.

Ni ina son fiksi, ba zan ɓoye maka ba. Akwai wani daɗi a cikinsa da ba a samu a wani keke. Da asuba in titi babu kowa, ba ka jin ƙarar komai sai ta taya a kan kwalta. Ƙafarka tana jin ƙasa kai tsaye: in tayar baya ta fara sulɓi a kan yashi ko ruwa, kafin idonka ya gani cinyarka ta sani. Kana rage gudu da ƙara shi da ƙafa kawai, kaɗan-kaɗan, ba sai ka taɓa birki ba. Wanda ya ƙware yana iya tsayawa cik a danja bai sauke ƙafa ƙasa ba. Yana kuma koya wa mutum duban nesa, domin dole ka karanta titi tun daga can gaba.

Ga sauƙin kulawa. Babu wayar giya, babu maɓalli, babu wannan hannun giyar da ke rataye a gefen tayar baya. Kacarsa mai kauri ce, faɗinta kashi ɗaya cikin takwas na inci, kuma a miƙe take tafiya ba ta karkata hagu da dama, shi ya sa take daɗewa. Duk wanda ya taɓa buɗe keke bayan hunturu ya san abin da ƙura ke yi. Tana haɗuwa da mai ta zama kamar sanfefa, tana cin haƙora da kaca, tana shiga cikin bututun waya har giya ta ƙi shiga. Keken da kayansa kaɗan ne, ƙura ba ta samun wurin ɓarna da yawa. Nauyi ma yana raguwa da kilo ɗaya ko ɗan fiye.

Amma ka lura da wani abu. In ka cire jin ƙasa da rage gudu da ƙafa da tsayawa a danja, duk sauran alherin da na lissafa keke mai giya ɗaya da firiwil yana da shi. Kaca mai kauri, rashin waya, arhar gyara, rashin nauyi, duka. Ba banza ba iyayenmu suka yi shekara talatin da Raleigh ɗaya suna kai buhun gero kasuwa. Abin da fiksi ya ƙara a kai shi ne haɗa ƙafarka da taya, kuma sai mu duba ko titinka zai yarda da wannan haɗin.

Bari mu yi ɗan lissafi, don ba a gane giya sai da shi. Ka ƙirga haƙoran babban faranti na gaba, ka raba da na ƙaramin na baya. In gaba 46 ne baya 17, kowane juyi ɗaya na feda taya za ta juya sau 2.7. Siririyar tayar irin waɗannan kekuna kewayenta kusan mita 2.1 ne, wato juyi ɗaya na ƙafa zai kai ka kusan mita 5.7. A miƙaƙƙen titi, kana juya ƙafa sau 70 a minti, gudunka ya kusa kilomita 24 a awa. Wannan daidai ne, jiki na jin daɗinsa. To ka zo hawan gadar sama, gudu ya sauka zuwa kilomita 10 a awa. Ƙafarka yanzu sau 29 kacal take juyawa a minti, kana tsaye a kan feda kana dannawa da dukan nauyinka, gwiwa ce ke ɗaukar wahalar. Mai giya da ke gefenka ya mayar da tasa 28 gaba 28 baya, yana zaune yana juya ƙafa kusan sau 80 a minti a wannan gudun dai, ko haki ba ya yi. Da kun kai sama aka fara gangarowa, shi ya tsayar da ƙafa ya huta. Kai kuwa in keken ya kai kilomita 40 a awa, ƙafarka sai ta juya kusan sau 117 a minti, kuma ba ka da ikon cewa ka gaji. In ka manta ka tsayar da ƙafa kamar yadda ka saba tun yarinta, fedar za ta ɗaga ka daga sirdi. Kusan duk wanda ya koyi fiksi sai wannan ta same shi a makon farko. In a fili ne sai a yi dariya a wuce, in a tsakiyar motoci ne kuwa maganar ta zama wata.

Kano gari ne shimfiɗaɗɗe, in ka ɗauke Dala da Goron Dutse da gadojin sama, saboda haka giya ɗaya tana isa. Da a Jos kake, ko wasu unguwannin Abuja, da tun nan na rufe maganar na ce ka nemi mai giya.

Sai dai tudu ba shi ne babban abin da ke damuna ba. Abubuwa uku ne da bidiyon Amurka ba zai nuna maka ba.

Na farko tufafi. Samarin can da gajeren wando ko ɗamammen wando suke hawa. Kai wurin aiki za ka, watakila da kaftani da wando mai faɗin ƙafa, ranar Juma'a ma har da babbar riga. A keke mai firiwil in bakin wando ya shiga kaca, sai ka tsayar da ƙafa, ka ja birki, ka juya feda baya ka zare, ka yi asarar wando kawai. A fiksi babu tsayar da ƙafa. Tayar ce ke jan kaca, da nauyinka da gudunka duka a bayanta. Akwai wani saurayi da ya kawo min nasa a kafaɗa, wandon shadda ya nannaɗe a faranti har sau biyu, ya yage tun daga ƙafa har gwiwa, gefen fuskarsa da gwiwar hannunsa duk sun ƙuje. Ya ce ji ya yi kawai an fizge ƙafarsa ƙasa, tayar ta ƙame, sai ga shi a kwalta. Allah ya taimake shi babu mota a bayansa. Da almakashi muka yanke yadin kafin tayar ta juya. Igiyar takalmi ma haka take yi. Wannan ƙarfin ne kuma ya sa ba na barin yaran shagona su goge kacar fiksi da tsumma tayar na juyawa, domin in yatsa ya shiga tsakanin kaca da haƙori babu abin da zai tsaya.

Takalmi ma yana cikin maganar. Fiksi yana bukatar a ɗaure ƙafa da feda, da maɗauri ko takalmi na musamman, don in ƙafa ta zame a guje ba za ka iya mayar da ita ba, fedar za ta yi ta dukan ƙwaurinka. Da silifas ba a hawansa.

Na biyu titin kansa. In ka hango rami ko tudun rage gudu a keke na yau da kullum, sai ka daidaita fedoji biyu, ka ɗaga daga sirdi, gwiwa ta shanye girgizar. A fiksi dole ka yi wannan ƙafa na juyawa, kuma ba kai ke zaɓar inda feda za ta kasance lokacin da ka isa ramin ba. A kwana ma haka: mai firiwil yana ɗaga fedar ciki sama ya kwanta, kai kuwa in ka kwanta da yawa fedar ta daki ƙasa, tayar baya ta tashi. In ka matse tsakanin adaidaita sahu da dakalin gefen titi, ba za ka iya riƙe feda a sama ka silale ba. Lungu mai rairayi kuwa giya mai laushi yake so.

Na uku zafi. A watan Afrilu, rana ta kai maki 40, ko cikin azumi, wannan ɗan hutun da firiwil ke ba ka a kowane gangare da kowane kusantar danja ba ƙaramin abu ba ne. Shi ke bambanta wanda ya isa ofis da ɗan gumi a goshi da wanda ya isa riga ta jiƙe sharkaf.

Yanzu maganar birki, wadda ita ce na fi so ka riƙe ko da ka manta sauran. Za ka ji ana cewa ƙwararre ba ya bukatar birki, ƙafarsa ce birkinsa, yana ƙame tayar baya ta ja ƙasa ya tsaya. Kada ka yarda. Duk lokacin da keke ke tsayawa da sauri nauyi gaba yake komawa, tayar baya ta yi sakayau, ba ta da riƙon ƙasa sosai. Tayar baya ita kaɗai kusan rabin tsayawar da birkin gaba ke bayarwa take iya yi, wato tazarar da za ka ci kafin ka tsaya ta kusa ninkawa. Ƙwarewa ba ta canza wannan, haka Allah ya halicci nauyi. Dokar Birtaniya ta yarda kafaffiyar taya ta tsaya a matsayin birkin baya, amma ta wajabta birkin gaba. A 2016 wani matashi a Landan, a kan keken tsere marar birkin gaba, ya buge wata mata tana tsallaka titi ta rasu, a shekarar da ta biyo aka yanke masa wata 18. Wannan a garin da ake bin layi ke nan. Ina ga inda mai adaidaita zai tsaya a gabanka ba sigina don ya hango fasinja? Duk wanda ya kawo min fiksi ya ce in cire masa birkin gaba, haƙuri nake ba shi ya kai wani wuri. Ran da kaca ta faɗi ko ta tsinke a keken da ba birki, babu sauran abin da zai tsayar da shi.

Jan taya a ƙasa kuma cin taya yake yi, har da lissafinsa. In gaba 48 ne baya 16, uku cif ke nan, duk ƙamewar da za ka yi wuri ɗaya na tayar ne zai ci ƙasa, nan da nan zare ya fito. In baya 17 ne, wurare 17 ne za su raba cin.

Kada kuma ka bari wani ya ce zai mayar maka da kowane keke fiksi ta hanyar yi wa firiwil walda, ko ɗaura faranti a kan hob, wato cibiyar taya, na yau da kullum. Hob ɗin fiksi na gaskiya yana da zare biyu: na faranti, da na zoben kulle wanda ake ɗaure shi ta hagu, domin in ka danna baya faranti ya nemi kwancewa, zoben ya ƙara matsewa. In babu shi, ranar da ka fi bukatar tsayawa ranar farantin zai kwance. Jikin keken ma sai wanda ramin da tayar baya ke zama dogo ne a kwance, yadda za a ja taya baya a ɗaure kaca, a bar mata wasan kusan santimita ɗaya.

To mai giya fa? Abokinka yana da gaskiya, amma rabinta ya faɗa. Giya mai kyau ni'ima ce: ka tashi daga tsaye da laushi, ka ɗauki kaya ko yaro a kariya, ka fuskanci iskar hunturu, ka hau gada, duk gwiwarka lafiya. Ga wanda ya haura arba'in, ko mai ciwon gwiwa, ko mai ɗaukar kaya, ba na ma yin muhawara. Matsalar ita ce giya marar kyau ta fi rashin giya muni. Sababbin kekunan nan masu arha, masu sheƙi, da sifirin gaba da baya da rubutun giya 21, su ne suka fi cika min shago. Ƙarfen na'urar giyarsu kamar gwangwani yake. Keke ya faɗi sau ɗaya ta gefen dama a wurin ajiya, hannun giyar ya lanƙwashe ciki kaɗan, mai shi bai lura ba. Washegari ya sa giya mafi laushi zai hau gada, hannun ya shige cikin sifoka, ya murɗe, ya tsinke sifoka uku ko huɗu. Mafi yawansu abin da suke ce min shi ne, "Malam, cire min ita gaba ɗaya, ka rage kacar." Sun biya kuɗin giya 21 sun koma giya ɗaya a kan keke mai nauyin tsiya. Ita 21 ɗin ma suna ce, da yawansu maimaicin juna ne, a cikin gari huɗu ko biyar za ka yi ta amfani da su.

In mai giya za ka saya, gara na hannu mai asali da sabo marar asali. Ka nemi wanda faranti ɗaya ne a gaba, bakwai ko takwas a baya, na'urar Shimano ta gaske, ba sifirin a baya. Ka tsaya ta bayansa ka duba hannun giyar ya sauko a miƙe. Ka dubi haƙoran, in sun yi tsini sun karkata kamar ƙaya, sun cinye. Ka sa tef a kaca: daga tsakiyar fil zuwa tsakiyar wani fil inci 12 cif ne a sabuwa, in ta wuce da kashi ɗaya cikin goma sha shida na inci lokacin canji ya yi, in ka bar ta za ta cinye farantan duka.

Akwai kuma wanda mutane ke wucewa a kasuwa ba su san darajarsa ba, wato mai giya a cikin hob. Kamfanin Sturmey-Archer na Nottingham ya fara yin irinsa tun 1902, tsofaffin Raleigh masu giya uku shi ne a jikinsu: ta tsakiya daidai, ta ƙasa ta rage kashi ɗaya cikin huɗu, ta sama ta ƙara kashi ɗaya cikin uku. A kekunan Japan na hannu za ka riƙa ganin Shimano Nexus mai uku. Komai a rufe yake cikin hob, ƙura ba ta kai masa, babu abin da ke rataye da zai lanƙwashe, kaca a miƙe take har ana iya rufe ta da murfi don kaftani. Kuma kana iya canza giya kana tsaye, abin da a cunkoson Kano ya fi giya ashirin amfani. Aibinsa ɗaya: ba kowane makaniki ke iya buɗe shi ba, kayan cikinsa kuma ba a ko'ina ake samu ba. Ka gwada duk giyoyin uku da ƙarfi kafin ka biya, in ɗaya tana zamewa ka bar shi.

Ga abin da zan yi da ni ne kai. Kilomita takwas a shimfiɗaɗɗen gari, da kayan zuwa aiki a jiki, zaɓina na farko mai giya uku a hob ne in na sami lafiyayye, na biyu mai giya ɗaya da firiwil, birki gaba da baya, da murfin kaca da madigadi saboda damina. In giya ɗaya ce kada ta yi tauri, 44 da 18 ko 46 da 18 sun isa.

In kuma zuciyarka ta kafe a kan fiksi, ban ga laifinka ba, ni ma haka ta kama ni. Ka nemi tayar baya mai fuska biyu, gefe ɗaya firiwil, ɗaya gefen kafaffen faranti da zoben kullensa. Ranakun aiki ka hau ta gefen firiwil. Ranar Asabar da sassafe ka ɗauki sifana mai lamba 15, ka juya tayar, ka naɗe ƙafar wandon dama ko ka cusa ta cikin safa, ka tafi filin da ba motoci. Ka fara da maɗaurin ƙafa a sake, ka koyi tashi da tsayawa da kwana, birkunanka biyu suna nan a jiki. Ka yi wata biyu a haka kafin ka shiga da shi titin da adaidaita sahu ke bi.